Idan Allurar Mai Ta Kwanta a Tsohuwar Tarakta

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi, kowa na neman haro a rana ɗaya. A irin wannan lokaci ne ake tunawa da tsohuwar taraktar da aka jingine a gindin darbejiya tun da aka gama kwaso amfanin bara. A aro batir, a zuba gas, a ba ta wuta, ta yi tari biyu ta kama. Murna ta hana kowa duban allon gaban direba. Can sai wani yaro mai ido ya ce, "Oga, allurar mai fa ba ta tashi ba." Abin da direba zai yi bayan jin wannan magana shi zai nuna ko gyaran yini ɗaya za a yi ko kuwa sai an sauke inji. Kashewa kawai zai yi. Ba a ƙara totur wai don mai ya hau, ba a cewa bari a ƙarasa wannan layin tukuna.

Dalilin gaggawar yana can cikin inji inda ido ba ya kaiwa. Karanshaf, ƙarfen nan mai gwiwoyi da fistin ke juyawa, ba a kan boris yake zaune ba. A cikin wasu ɓawon ƙarfe masu laushi yake kwance, rabi sama rabi ƙasa, waɗanda kanikawa ke kira metal. Tsakaninsa da metal akwai 'yar rata kamar kaurin silin gashi, kuma baƙin mai ne ke cike da ita. Muddin man yana nan, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe, karanshaf yana yawo ne a kan mai. Da man ya yanke, gogayya ta fara, zafi ya tashi, fuskar metal ta narke ta manne. Shi ne a ce inji ya buga. Abin ba ya ɗaukar yini. A ƙarƙashin nauyin haro, mintoci kaɗan sun isa.

Yadda aka gano sirrin wannan siririn mai yana da ban sha'awa. A 1883 wani injiniya a Ingila, Beauchamp Tower, yana gwaji a kan irin mazaunin da ƙafar taragon jirgin ƙasa ke juyawa a ciki. Ya huda rami a saman mazaunin don ya sa mazubin mai, sai mai ya riƙa ɓulɓulowa ta ramin yana ɓata masa wuri. Ya toshe da ɗan katako, man ya tunkuɗo katakon waje. Da ya ɗaura ma'auni a bakin ramin, allura ta wuce 200, iyakar abin da aka rubuta a fuskar ma'aunin, alhali babu famfon da ke tura komai. Juyawar ƙarfen ce da kanta ke jan mai tana cusa shi cikin matsattsen wuri har ya ɗaga nauyin da ke kansa. Bayan shekara uku, a 1886, Osborne Reynolds ya fito da lissafin da ya bayyana abin.

Na kawo wannan tarihi ne don ya gyara wani kuskure da ke sa mutane asarar kuɗi. Ƙarfin da agogon mai ke nunawa ba shi ne ke ɗauke da karanshaf ba. Wanda ke ɗauke da shi ya ninka wannan sau da yawa, kuma a cikin metal ɗin ake haifarsa. Aikin famfo shi ne ya kai mai bakin ƙofa ba yankewa. Agogo kuwa shaida ne kawai cewa man yana isa. Shi ya sa tsohon injin da allurarsa ke yin ƙasa-ƙasa a silo idan ya yi zafi zai iya ƙara shekaru yana noma, amma wanda allurarsa ta kwanta a kan sifili ba zai kai la'asar ba.

Akwai kuskure na biyu, kuma ya fi na farko tsada. Da an ce mai ba ya hawa, sai kowa ya ce famfo ne. Manomin fadama ya fi kowa sanin cewa ba haka abin yake ba. Injin ban-ruwa ruwa yake turowa. Ƙarfin feshi kuwa daga matsin bakin tiyo yake zuwa. Ka danne bakin da babban yatsa, ruwa ya yi tsiri ya yi nisa. Ka saki, ya zubo a gabanka salalam, alhali injin bai sauya ba. In kuma tiyon ya huhhuje a hanya, ko sabon inji ka sayo ruwan ba zai yi ƙarfi a ƙarshe ba. Haka famfon baƙin mai yake. Shi turawa yake yi, matsattsun ratar metal da ta kamshaf su ne yatsan da ke danne bakin tiyo. Idan sun buɗe, mai ya sami hanyar tsira, allura ta sauka, a je a sayo sabon famfo a ɗaura, ta sake sauka. An bar jaki ana dukan taiki.

Saboda haka mai neman inda ƙarfin mai ya shiga tambayoyi uku ne a gabansa: shin man yana isa bakin famfo, shin famfon yana turawa, shin akwai inda yake zurarewa bayan an tura shi. Amma kafin su duka, sai an tantance mai ba da labarin, domin agogo ma yana ƙarya.

Tsofaffin taraktoci da yawa suna da agogo irin na da, wanda siririn bututu ke kawo masa mai kai tsaye daga jikin inji. A cikinsa akwai lanƙwasasshen bututun tagulla da ke ƙoƙarin miƙewa idan mai ya matsa shi, shi ne ke jan allura. Dabarar wani Bafaranshe ce, Eugène Bourdon, tun 1849. Siririn bututun nan yana toshewa da dauɗa, yana lotsewa, allura kuma tana maƙalewa bayan shekaru hamsin na rana da ƙura. Waɗanda ke da na lantarki ko 'yar jar fitila kuwa, ƙaramin makunnin da ke ɗaure a jikin bulok yana mutuwa, ɓera ma yana cin waya a lokacin rani. Maganin shakka ɗaya ne. A kwance inda bututun ko makunnin ya shiga bulok, a ɗaura wani agogon da aka yarda da shi. In babu, a bar ramin a buɗe, a ja makashin inji don kada ya kama, a juya shi da sitata a ga ko mai zai yi tsartuwa. Wannan aikin bai wuce minti ashirin ba, kuma na sha ganin ya raba gardamar da da ta kai ga kwance inji a banza. Game da fitila kuwa, kada a ɗauke ta abokiyar shawara: ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗi ƙasa warwas, ita mai sanar da rasuwa ce, ba mai duba mara lafiya ba.

In agogo na biyu ya gaskata na farko, to bakanike na ƙwarai ba sifana yake fara ɗauka ba. Zama yake ya tambayi mai tarakta da direbansa. "Alhaji, yaushe rabon ta da aiki? Jiya lafiya ta kwana? A hankali abin ya riƙa sauka ko farat ɗaya? Da sanyi yake yi ko sai ta ɗau zafi? Wa ya taɓa ta kwanan nan?" A ganina rabin gyaran yana cikin waɗannan amsoshi, domin kowace irin faɗuwa da inda take nunawa.

Mu fara da taraktar da aka ajiye lafiya, aka tayar bayan watanni, allura ta ƙi motsi. Babu misalin da ya fi na tsofaffin Ford na Amurka fito da wannan. Bayan yarjejeniyar baka da Henry Ford ya yi da Harry Ferguson a 1938, an fito da 9N a 1939, aka biyo da 2N a 1942, sannan 8N daga 1947 zuwa 1952, wadda ita kaɗai an ƙera fiye da rabin miliyan. Har yau suna nan da yawa a ƙananan gonakin Amurka suna yankan ciyawa, wasu kuma a hannun masu sha'awar tara tsofaffin injuna. Injinsu na fetur ne mai silinda huɗu, kuma famfon mansa yana maƙale ne a murfin metal na gaba, sama da inda mai yake kwance, yana zuƙo shi ta wani dogon bututu. Idan aka ajiye tarakta tsawon hunturu, man da ke tsakanin haƙoran famfo ya tsiyaye ya koma kasko. Sabon famfo zai iya zuƙe iskar da ta maye gurbin man har mai ya biyo. Wanda haƙoransa suka sha jiki kuwa sai ya yi ta juyi a busasshe, yana kaɗa iska.

Masu waɗannan taraktoci sun san maganin kamar yadda suka san sunansu. A gaban inji akwai wani babban noti da ke riƙe da sifirin da ɗan ƙarfen bawul ɗin rage matsi. A kwance shi, a zaro su, a ɗura man giya mai kauri ta ramin ya gangara kan haƙoran famfo, a mayar, a tayar. Man mai kauri ya liƙe ratar da ke tsakanin haƙora, zuƙa ta dawo, allura ta miƙe. Wanda ya taɓa cika cikin injin ban-ruwa da bokiti kafin ya ja igiya ba ya buƙatar ƙarin bayani. Kuma ya san ɗayan rabin labarin: in tiyon zuƙa yana da tsaga ko kamar ta bakin allura, injin zai yi ta shan iska ya ƙi jan ruwa. Bututun zuƙar man Ford ma haka yake tsagewa a mahaɗarsa saboda girgizar shekaru. Taraktar da kullum sai an ɗura mata bayan ta huta mako guda, ɗuri ba gyara ba ne a gare ta. Ko murfin famfo ya cinye, ko bututu yana shan iska.

Mu nan ba Ford N muka gada ba. Abin da ya cika garejojinmu shi ne jar Massey Ferguson, daga 135 da aka fara ƙerawa a 1964 da 165 har zuwa su 375, sai ragowar Steyr da aka harhaɗa a Bauchi da Fiat da aka harhaɗa a Kano. Yawancin jajayen nan injin dizal na Perkins ne a cikinsu, kamfanin Peterborough da Massey Ferguson ta saya a 1959. Amma cutar ɗaya ce, ta ma fi samun wurin zama a wajenmu, inda tarakta ke aikin haro da huɗa na 'yan makonni sannan ta kwanta rabin shekara. Injin 135 mai silinda uku shi ma famfonsa yana jikin murfin metal na gaba, haƙoran karanshaf ke juya shi ta hanyar wani haƙori na tsakiya. Bambancin shi ne a nan bawul ɗin yana can ciki tare da famfo, ba a kai masa daga waje. Abin da ake yi sai a cika mazaunin filta da mai, a tura mai ta ramin agogo, a juya inji da sitata ba tare da an bar shi ya kama ba, har allura ta motsa.

Faɗuwar farat ɗaya ana tsakiyar aiki wani abu ne daban, kuma ba ta da dogon bayani. A fara duba ƙasa, a bi sawun tarakta da ido. Baƙin layi a kan huɗa yana nufin bututun agogo ya fashe, ko robar filta ta fita, ko notin juye ya kwance ya faɗi. In ƙasa a bushe take kuma sandar awo ta nuna mai a cike, to abu ya karye ko ya maƙale a ciki: bawul ɗin rage matsi ya tsaya a buɗe saboda ɗan tsakuwar ƙarfe, sifirinsa ya karye, haƙorin da ke juya famfo ya sule, ko bututun zuƙa ya kwance ya faɗa kasko. Shi wannan bawul aikinsa ya buɗe idan matsi ya yi yawa, kamar da sanyin safiya lokacin da mai ke da kauri, ya mayar da rarar cikin kasko. In ya ƙi rufewa, duk abin da famfo ya turo sai ya juya ta nan ya koma inda ya fito. A injin da ake kai masa daga waje, shi ya kamata a fara zarowa a wanke a duba, don bai fi aikin shan shayi ba.

Sai allurar da ke rawa. Tana sama, da an juya a bakin gona ko an hau gangare sai ta faɗi ta sake tashi. Wannan ƙarancin mai ne: ya karkata gefe guda, bakin bututu ya leƙo waje ya sha iska. Akwai kuma wadda ke yin abin da ya saɓa wa hankali, tana da kyau a silo amma da an ƙara totur sai ta sauka. Wannan kusan kullum rariyar bakin bututu ce ta toshe. Ɗan man da ake buƙata a silo yana samun wucewa, amma da famfo ya nemi da yawa sai hanya ta gaza. Abin da ke toshe ta taɓon tsohon mai ne, baƙi kamar kwalta, wanda ya taru shekara da shekaru a injin da ba a yi wa juye a kan kari. Wani lokaci ma sabon mai ne ke tayar da shi: man zamani yana da sinadarin wanki, in ya shiga injin da ya saba da mai marar wanki sai ya ɓamɓaro dauɗar da ta daɗe a kwance ta tafi ta liƙe rariya. Ga kuma gam ɗin roba da yaran gareji ke lafta wa gaskit kamar ana shafa wa burodi bota. Rarar da ta matso ciki tana guntulewa, kuma duk a rariya take taruwa.

Kafin a zargi ƙarfe, a binciki man da kansa. Tarakta mai shekaru ta saba cin mai, don haka in direba ya zo yana murna wai tasa ta daina ci, har ma man ƙaruwa yake, to ba abin murna ba ne. Gas ne ke shiga kasko. Hanyoyinsa sanannu ne: fatar ƙaramin famfon da ke ɗago gas daga tanki ta yage, ko robar gaban injekta ta saki, ko nozul yana ɗiga maimakon feshi. Man da gas ya tsinka yana zama ruwa-ruwa, yana zurarewa ta kowace rata, ba ya riƙe nauyi. Hanci yana gane shi, yatsu biyu ma suna ganewa, in kuma aka ɗiga shi a farar takarda sai a ga wani fili mai haske ya bazu da sauri kewaye da baƙin ɗigon. Ruwa kuwa yana mai da mai kalar shayi da madara. Daga gaskit ɗin kan inji yake zuwa, ko daga robobin gindin silinda a injunan da ruwa ke taɓa silindarsu kai tsaye, irin injin fetur na ƙaramar Ferguson TE20 mai ruwan toka da aka ƙera a Coventry daga 1946 zuwa 1956. In tarakta ta kwana, a sassauta notin juye kaɗan da safe: ruwa ya fi mai nauyi, shi zai fara ɗigowa. Ban da waɗannan akwai man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba wanda ya san asalinsa. Ga kuma lagireton da ƙaiƙayi ya toshe. Inji ya yi zafi fiye da kima, mai mai kyau ma ya tsinke.

Yanzu mun zo inda yawancin tsofaffin injuna ke ƙarewa, wato faɗuwar sannu a hankali. Da safe allura tana sama abin sha'awa. Bayan awa ɗaya ana haro ta sauko rabi. A sauke totur, ta kusa taɓa ƙasa. Bara ba ta kai haka ba, bara waccan ma ta fi bara. Wannan hoton metal ne da ya cinye. Mai mai sanyi yana da kaurin da zai toshe faffaɗar rata, da ya yi zafi kuwa sai asiri ya tonu. Lissafin ma ba shi da tausayi: yawan man da ke zurarewa ta siririyar rata ba daidai da faɗinta yake ƙaruwa ba, in ratar ta ninka biyu, zurarar tana iya kaiwa ninki takwas. Shi ya sa cinyewar da ido ba ya gani take iya kwantar da allura. Ba metal na karanshaf kaɗai ba, mazaunin kamshaf da sandar da tafet ke lilo a kanta duk ƙofofi ne. A Perkins mai silinda huɗu na cikin taraktoci akwai kuma na'urar rage girgiza a cikin kasko, ita ma mai take sha, in mazaunanta sun cinye sai ta zama wata ɓarakar.

Abin da ke cinye metal a ƙasarmu ba ɓoyayye ba ne. Ƙura ce. Tarakta tana tafiya cikin gajimaren ƙasar da ita kanta ta tayar, ga hazon hunturu a kai. Matatar iskar tsofaffin nan irin mai kwanon mai ce a gindi, iska ta bugi mai ta bar ƙurarta a ciki. Dabara ce mai kyau, amma a lokacin aiki kwanon yana son a zubar a wanke kullum, in ya cika da laka ya daina kama komai. Robar da ta haɗa matatar da inji kuwa sau nawa muka gan ta a tsage an naɗe da igiyar roba? Yashin da ya shiga ta nan yana cin ringi, ya gangara cikin mai, mai ya kai shi har cikin metal. Mai son shaida sai ya tsiyaye man a faranti mai tsabta ya kai rana. In yana ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli, a sa maganaɗisu: abin da ya kama ƙarfen karanshaf ne ko na haƙora, abin da ya ƙi kamawa fuskar metal ce.

To nawa ne ya isa? Littafin Perkins na injin 135 yana neman tsakanin 30 da 60 a ma'aunin psi, wato kusan bar 2 zuwa 4, idan inji ya yi zafinsa na aiki kuma yana kan cikakken gudu. A lura da sharuɗɗan biyu, domin lambar sanyin safiya ba ta cewa komai. Kanikawan Amurka suna da wani ƙiyasi na baka, psi 10 ga kowane juyi 1,000 a minti, kuma tunda waɗannan injuna ba su cika wuce juyi 2,000 da 'yan kai ba, ƙiyasin yana nuna iyakar da bai kamata a sauka ƙasa da ita ba. Ra'ayina shi ne, injin da ke faɗuwa a silo amma allurarsa na tashi nan take da an taɓa totur, ba ya ƙwanƙwasa, mansa ba ya ƙyalli, a bar shi ya gama damina, a shirya masa aiki da rani. Wanda kuwa ya kasa kai ƙiyasin nan a gudun aiki, ko ake jin wani dum-dum daga ƙasansa idan haro ya kama ƙasa, kowace kadada da ya ƙara daga jikin karanshaf ake biyan ta.

A nan ne dabarun ƙarya ke shigowa. Ta farko, zuba mai mai kaurin tsiya, har da masu haɗawa da man giya. Allura takan ɗan ɗaga, gaskiya ne, kuma matsawa daga siririn mai zuwa 20W-50 ko SAE 40 a tsohon inji cikin zafinmu ba laifi ba ne. Amma wuce nan yaudarar kai ce: agogo yana nuna wahalar da mai ke sha wajen wucewa, ba yawan da ya isa metal na ƙarshe ba, kuma da sanyin safiya irin wannan man yana daɗewa kafin ya kai. Ta biyu, cusa wasa a bayan sifirin ɗin bawul. Bawul rufin sama yake yi wa matsi. A silo da zafi, inda matsalar take, a rufe yake tun farko, don haka ƙara masa tauri ba ya ƙara komai sai haɗarin fasa robar filta da safe. Sai dai in sifirin ɗin ne ya gaji, shi kuma sauya shi ake yi. Ta uku ba ta cancanci a kira ta dabara ba, amma ana yi: a cire wayar jar fitila don kada ta dami direba, ko don kada mai saye ya gani.

In dai ya tabbata sai an buɗe, a tuna cewa waɗannan taraktoci ba su da firam irin na mota. Inji da kaskonsa su ne ƙashin bayan da ke haɗa ƙafafun gaba da na baya. Sai an tokare ta da katako mai ƙarfi, an sa waigi a ƙafar gaba kada ta kife, kafin a taɓa notin kasko. Da an sauke shi, kada a yi saurin kwance komai. A sami tulun feshi sabo wanda bai taɓa ganin maganin ciyawa ba, a zuba mai, a haɗa bakinsa da ramin agogo, a buga, a leƙa daga ƙasa da tocila. Lafiyayyen metal ɗigo yake yi ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya cinye zuba yake kamar an buɗe famfon gida. Cikin minti biyar inji ya nuna ɓarakarsa da kansa. Bayan haka sai awo. Akwai wani siririn zaren roba, Plastigage, da ake ɗorawa a kan karanshaf, a ɗaure murfin metal daidai ƙa'ida, a kwance, a gwada faɗin da zaren ya baje da ma'aunin da ke jikin takardarsa. Famfo ma a buɗe shi a auna ratarsa, a dubi murfinsa ko haƙora sun yi masa zobe. Sai bayan wannan ne ake da hujjar cewa shi ne mai laifi.

Abin takaici shi ne injin da aka kashe wa kuɗi, aka yi masa aiki sabo fil, aka tayar, mai ya ƙi hawa. A nan ba tsufa ake nema ba, hannu ake nema. Idan aka gurza karanshaf yana raguwa da kashi 10, ko 20, ko 30 cikin 1,000 na inci, kuma dole a sa masa metal mai kaurin da ya dace. Ana buga STD ko 010 ko 020 a bayan kowanne. A sa na STD a kan karanshaf ɗin da aka gurza, an gina ɓaraka da hannu. A injuna da yawa rabin metal na sama ne ke da ramin shigar mai, in aka juya aka sa na ƙasa a sama an toshe hanyar gaba ɗaya. Akwai ƙananan matosai a ƙarshen hanyoyin mai na cikin bulok da ake cirewa wajen wanki, a manta ɗaya, mai ya yi ta kwarara ciki ba a gani. Akwai garin dutsen gurza da ke maƙalewa a ramukan karanshaf in ba a bi su da buroshi ba, ya cinye sabon metal cikin mako guda. Kayan gyara ma suna kama da juna: haƙoran famfon Ford N iri biyu ne, mai faɗin 9/16 da mai 3/4 na inci, kuma siririn yana shiga gidan faffaɗan lafiya lau, sai dai ba zai tura komai ba. Mai zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya riƙe tsohon a hannunsa, ya jera su a kan tebur kafin ya biya.

Wajen haɗawa, a cika tsakanin haƙoran famfo da man basilin, wanda zai ba shi zuƙar farko sannan ya narke cikin mai. Giris ba ya narkewa haka, yana iya toshe hanya. A shafe kowane metal da mai, a cika filta. Ranar tayarwa a ja makashi, a juya da sitata daƙiƙa goma-goma ana hutar da ita, mutum ɗaya ba shi da aikin komai sai kallon agogo. Sai allura ta motsa sannan a saki makashi a bar inji ya kama, hannun direba kuma yana kansa. In ta yi awa guda tana jan haro, a tsaya a karanta lamba biyu, ta silo da ta cikakken gudu, a rubuta su da fenti a cikin murfin akwatin sifana tare da shekarar. Baɗi in ruwa ya sauka aka sake tayar da ita, da waɗannan lambobin za a gwada.